Farar Ƙwayar Kofur

Shekarar da sojojinmu suka dawo daga yaƙin Bama, ita ce shekarar da na yi wannan ciwo. Na riƙe ta sosai, don ranar da mota ta sauke su a Birnin Gwari ina kasuwa da tulun zuma, kuma ko ludayi ɗaya ban sayar ba, kowa ya watse kallo. Cikin waɗanda suka sauko har da taubashina, ɗan ƙanwar babana, wanda muka riga muka fid da rai da shi. Ya dawo da igiya biyu a hannun riga, saboda haka duk gari aka koma kiransa Kofur. A can ba bindiga aka ba shi ba, asibitin soja ya yi wa aiki, yana ɗaukar marasa lafiya yana wanke miki. Ya zo da akwatin ƙarfe, a cikin akwatin kuwa akwai wani gwangwani cike da fararen ƙwayoyi masu faɗi kamar maɓallin riga.

Ni sana'ata zuma ce. Ƙauyenmu yana ƙasar Kakangi, a bakin daji. Nakan saƙa amya da ciyawa, in shafe ta da kashin shanu, in turara ta, in hau maje ko ɗorawa in ɗaure, ƙudan zuma su zo su shiga. Da bazara in bi su da hayaƙi in ɗebo abin da Allah ya ba ni. Noma kuwa gandu ɗaya muke yi da yayana. Tun da babanmu ya rasu shi ne uba a gidan. Shi ya yi mini aure, shi ke riƙe da rumbu, kuma ban taɓa ce masa a'a ba tun ina yaro.

Farkon daminar shekarar ruwa ya dake ni a daji, na dawo gida da sanyi a jiki. Kafin a ce haka ciwon haƙarƙari ya kwantar da ni. Numfashi kamar ana soka mini wuƙa, zazzaɓi kuwa har ba na gane masu shigowa. An dafa saiwoyi, an yi rubutu na sha, abin sai gaba yake yi. Yaya ya aika aka kira Kofur.

Ni da Kofur tun muna yara kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Yana shigowa ya durƙusa kusa da tabarmata ya ce, "Bawana, kai da kake hawa maje kana kokawa da ƙudan zuma, ɗan yayyafi ne ya kayar da kai?"

Na ce da ƙyar, "Kai dai da aka kai yaƙi aka ba ka tasar fitsari ka riƙe."

Ya ce, "Tasar nan ce za ta tashe ka yau. Buɗe baki."

Ya ba ni ƙwaya, ya ce a riƙa ɗura mini ruwa da yawa. Dole in faɗi gaskiya, ƙwayar nan ta tashe ni. Cikin 'yan kwanaki zazzaɓin ya sauka, na tashi zaune, na nemi fura. Mutanen da suka zo gaisuwa suna tsammanin za su tarar da gawa suka tarar da ni a zaure. Kofur ya ce a asibitinsu in zafin jiki ya sauka akan ƙara kwana kaɗan a bari. Yaya ya ce wannan dabarar soja ce, su da ke gaggawar mai da mutum fagen fama. Ya ce maganin da ya ɗaga mutum daga bakin kabari ba a yanke shi da rana tsaka, sai ya tumɓuke cutar har saiwa. Kofur bai ja da shi ba, don shi ma yayansa ne. Ya bar masa gwangwanin, ya tafi Kaduna neman aikin masinja.

Haka na ci gaba da sha safe da yamma. Na koma gona, na yi noman farko da mutane. Sai ƙaiƙayi ya fara, a hammata da cinyoyi da mara. Na ɗauka borin jini ne. Wurin ya yi ja, ya yi tudu-tudu. Wata safiya na tashi na ga bororo a cinyata, ya ɗuri ruwa, ya yi tam kamar wanda tafasasshen ruwa ya zube wa. Kafin azahar wani ya fito kusa da shi. Washegari sun kai cibiya.

A wajenmu cutar da ta fito fili ita ake wa murna. In yaro yana ƙyanda, uwa ba ta samun natsuwa sai ta ga ƙuraje sun feso masa. In suka tsaya ba su gama fita ba, akan ce ta koma ciki, kuma wanda ta koma masa ciki ba kasafai yake tashi ba. Duk mun taso da wannan, ni ma da shi na taso. Saboda haka da na ɗaga riga na nuna wa Yaya, sai ya yi hamdala.

Ya ce, "Ka gani ko? Da mun bi ta Kofur, da duk wannan ruwan yana cikin ƙirjinka. Ƙwaya ce take koro shi waje."

Daga ranar ya ƙara mini ta azahar.

Bororon ya bi bayana, ya bi damatsa, ya gangara har tafin ƙafa. Wasu kamar ƙwan zabo, wasu sun fi tafin hannun yaro. In ɗaya ya fashe sai fatar ta salɓe, naman ya tsaya ja yana tsatsafo ruwa. Riga ta gagare ni. In na kwanta a tabarma, da safe sai matata ta jiƙa ta da ruwan ɗumi kafin ta rabu da bayana.

Labari ya kai wa mai unguwa, ya zo ya tsaya daga bakin zaure, bai shigo ba. Tsoronsa agana. Yaya ya ce masa ai ga lambata ta rigakafi nan a damtse tun ta zamanin da masu lamba suka zo, kuma duk wanda ya taɓa ganin agana ya san ƙurajenta ƙanana ne masu tauri, ba irin wannan ba. Mai unguwa ya ce shi ya yarda, amma duba-gari ba zai tsaya tantancewa ba. In ya ji, zai rufe ƙauyen, a hana kowa cin kasuwa, a ƙone ɗakin da nake kwance. Aka tsaya a kan a kai ni bukkar gonarmu ta hayin rafi, can inda dawa take iyaka da daji, har abin ya gama fita.

Ban iya hawa jaki ba, don babu inda zan zauna a kai. A gadon kara aka ɗauke ni, mutum huɗu. Matan unguwa da suka leƙo suka ga kamar makara ce, wata ta fara salati. Yara aka bar wa matar Yaya. Matata ta biyo mu da tukunya da turmi ƙarami da damin dawa.

Gwangwanin kuwa Yaya bai ba ta ba. Ya ce mata suna da tausayi, ran da na ce ba na so za ta ƙyale ni. Kullum da hantsi yakan ƙetaro rafin, ruwa iya gwiwa, ya ba ni ta safe da hannunsa, ya yi aiki a gona, ya ba ni ta azahar, ya ba ni ta la'asar, sannan ya koma. A lokacin bakina ma ya kama. Dasashi ya kumbura, ganɗa ta salɓe, haɗiyar yawu ta zama aiki. Sai ya riƙa daka ƙwayar a bayan cokali yana zubawa a kunu.

Matata ita ke fama da fatar. Ta yanko ganyen ayaba a bakin rafi ta shimfiɗa mini, don shi ba ya manne wa miki. Ta dafa ruwa ta wanke ni da auduga, ta shafa man kaɗe inda ya bushe, ta ɗiga zuma inda ya yi zurfi. Zumar ta jawo mana kwarkwasa. Wata rana da azahar tana rafi na ga baƙin layinsu ya shigo ta gindin zana, ya nufo gadon. Ba ni da tafin ƙafar da zan taka in gudu, ba ni da muryar da za ta kai rafi. Na kama ludayi na riƙa buga ƙwarya har ta ji. Ta zo ta kwashe garwashi ta watsa musu. Daga ranar kullum sai ta zagaye gadon da toka mai zafi.

Ana nan marka ta sauka. Ruwa ya wuni ya kwana, ya sake wuni. Rafin da ake ƙetarewa iya gwiwa ya cika ya tumbatsa, ya zama jan kogi yana tafe da itatuwa. Matata ta je bakinsa ta hango Yaya a wancan hayi, shi bai iya ruwa ba. Suka yi ta ɗaga murya, ƙugin ruwa bai bari sun ji juna ba. Sai ta ga ya kwance rawaninsa, ya naɗe gwangwanin da dutse a ciki, ya ja da baya ya wurgo. Ƙunshin ya faɗa ruwa kusa da gaɓarmu, bai kai ba. Ta ce ta ga farin rawanin ya juya sau ɗaya, ya nutse.

Ta dawo bukka ta zauna a bakin ƙofa, ta juya mini baya. Na tambaye ta, ta faɗa mini.

Na ce, "To, shi ke nan."

Ta ce, "Maigida, kada ka ce shi ke nan."

Amma ni da ita abu ɗaya muke tunani. An yanke magani cuta ba ta gama fita ba, yanzu za ta juya ciki. Na gaya mata inda kowace amya take, da itacen da take kai, don ta gaya wa Yaya. Na ce in abin ya zo kafin ruwa ya janye, ta je rugar Fulanin da ke bayan gona ta kira maza, kada ta zauna da gawa ita kaɗai. Ta tashi ta hura wuta.

Rugar nan ita ta riƙe mu. Wata dattijuwa a can takan ba matata madara kullum, ba ta taɓa tambayar abin da za a ba ta ba. Da ita nake rayuwa, ana ɗura mini da ludayi ta gefen baki. Kowace safiya in na farka sai in tsaya ina sauraron jikina, in ji ko ƙirji ya fara nauyi, ko ciki ya fara kumburi. Matata takan danna mini ciki a hankali tana kallon fuskata. 'Yan kwanakin farko bororo bai daina fita ba, sai muka ce da sauran ƙarfin ƙwaya a jiki, muna gode wa Allah. Daga nan ya fara raguwa, mu kuma hankalinmu ya ƙara tashi.

Wata safiya tana wanke ni ta tsaya da audugar a hannu.

Ta ce, "Yau ban ga sabo ba."

Na ce, "Duba baya sosai."

Ta duba, ta ɗaga hannuna ta duba hammata. Ta ce babu. Ta ci gaba da wanke ni. Ranar ko madarar ban iya sha ba don fargaba. Na wuni ina jiran abin da zai taso mini daga ciki.

Bai taso ba. Washegari ma haka. Tsofaffin mikin suka fara bushewa daga gefe, suna yin ɓawo. Ƙaiƙayin da ke hana ni barci ya lafa. Wata rana na ji ƙanshin miyar tafasa da take yi wa kanta, na ce ta ɗan sammini. Ta ɗebo tuwo mai laushi ta dama da miyar, na haɗiye, ya wuce. Ta zuba mini ido kamar na yi abin mamaki. Bayan wannan na fara takawa da sanda zuwa bakin bukka, ina kallon dawarmu da ciyawa ta cinye.

Ita ce ta fara furtawa, tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Maigida, tun da ƙwayar nan ta faɗa ruwa kake samun sauƙi."

Na ce, "Ki rufa mana asiri. Ita ta tashe ni daga ciwon haƙarƙari, a gabanki."

Ta ce, "A gabana ne. Wannan ma a gabana ne."

Ruwa bai gama janyewa ba Yaya ya ƙetaro. Wani Bagwari maƙwabcinmu da ya iya ruwa shi ya ɗora shi a kan babban gora ya turo shi. Ya iso bukka jiƙe sharkaf, leɓɓansa suna rawa, ya rame kamar shi ne mai jinyar. Sabon gwangwani yana ɗaure a kansa cikin fatar akuya, don kada ya jiƙe. Ya zauna ya ba mu labari. Tun ranar da wancan ya nutse bai huta ba. Ya taka har Birnin Gwari ya sami wani direban babbar mota da ya ce zai samo irinta a Kaduna, amma da tsada. Ya sayar da jakinsa, bai isa ba. Ya je Saminaka wurin wani mai zuma da ya daɗe yana sha'awar amyoyina, ya bar masa su duka da ƙudan da ke ciki.

Ya ce, "Ban shawarce ka ba, don ba hanya. Amya a sake saƙawa. Ɗaga in gani."

Na yaye zanen da na rufa da shi. Ya ga ɓawo, ya ga inda sabuwar fata ta fara fitowa fari-fari. Fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Ta koma. Inna lillahi. Ta koma ciki, kuna zaune."

Na ce, "Yaya, ina cin tuwo yanzu."

Ya ce, "Babanmu ma ya ci tuwo ranar da zai rasu."

Ya kwance fatar akuyar, ya ciro ƙwaya biyu, ya miƙo mini a tafinsa. Na dubi tafin, duk ya tsage da igiyar gora. Na dubi matata, ta sunkuyar da kai. Mutumin nan ya sayar da jakinsa, ya shiga ruwan da bai iya ba. Na karɓa na haɗiye.

Bai koma gida ba, ya ce a nan zai zauna har ya ga ta sake fitowa. Ya gyara rumfar gona ya tare a ciki. Ba a jima ba kuwa ƙaiƙayi ya dawo, ya fi na da. Bororo ya feso a kan sabuwar fatar da ba ta yi ƙwari ba. Bakina ya sake salɓewa har maƙogwaro. Wannan karon ya shiga idona na hagu, fatar idon ta manne, sai an jiƙa take buɗewa. Faratan hannuna suka fara ɗagawa daga gindi.

Yaya ya ce, "Alhamdu lillahi. Dubi abin da ya ɓuya. Da na ƙara kwana biyu a hayi, da sai dai in tarar da kabari."

Abin da ya fi damuna shi ne ban san wanda ke da gaskiya ba. In na saurari Yaya, maganarsa ta hau daidai. In na tuna kwanakin da rafi ya raba mu, ita ma maganar matata ta hau. Jikina ne kawai na san yana ƙarewa. Madara ma ta koma fitowa ta hanci.

Wata safiya ya shigo da ƙoƙon kunu, ya daka ƙwaya a ciki, ya durƙusa ya tallafi kaina. Matata tana waje, bayan zana. Tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa haɗa ido da Yaya ba, magana kuwa iyakarta gaisuwa a durƙushe. Sai na ji muryarta.

Ta ce, "Yaya, a yi mini gafara."

Ya ce, "Mene ne?"

"Da babu ƙwayar nan ya taka har bakin bukka. Ya ci tuwo da hannunsa. Yau ga shi."

Yaya bai juya ba. Ya ce, "Yarinya, ke kika san magani ko Turawan da suka yi shi?"

Ta ce, "Ban san magani ba. Fatarsa na sani, ni ke wanke ta."

Ya ce da ni, "Ka ji abin da na guda tun farko. Buɗe baki."

Ya kawo ƙoƙon har ya taɓa leɓena. Ina jin ɗacinta a cikin ƙanshin tsamiya. Ban buɗe ba.

Ya ce, "Kai, da kai nake."

Magana tana yi mini wuya, kowace kalma kamar ina tauna ƙaya. Na ce, "Yaya, ka yafe mini. Ba zan sha ba."

Ya janye ƙoƙon daga bakina. Ya ce, "Ni na goya ka ranar da aka binne innarmu. Ni zan ba ka abin da zai kashe ka?"

Na ce, "Ba ka nufa ba."

"Maganar mace za ka bi ka bar tawa?"

Na ce, "In mutuwa ce, a bar ni in mutu da sauran fatata."

Ya ajiye kaina a hankali a kan ganyen. Ya fita ya kira Bagwarin nan, wanda ya sake ƙetarowa ranar da goransa yana bakin rafi, ya shigo da shi har bukka. Ya ce masa, "Ka zama shaida. Na kawo, ya ƙi. In an tambaye ni gobe, ka faɗi abin da ka gani." Mutumin ya ce shi dai fiton mutane ya zo yi, amma ya gani. Yaya ya ɗora gwangwanin a kan turmi, inda idona zai riƙa kai wa, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Bai yi wa matata sallama ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi wuya, don bororon bai tsaya nan take ba. Ya ci gaba da fita, zazzaɓi ya zo a kai, miki ɗaya a ƙugu ya fara wari. Gwangwanin yana nan a kan turmi. Sau da yawa in na ji ƙirjina ya yi nauyi sai in ce a raina ga ta nan ta koma, Yaya ya faɗa. Wata rana da rana tsaka na ce wa matata ta miƙo mini shi.

Ta ce, "In ka ce in miƙo zan miƙo. Amma ka bari in gama wanke ka tukuna."

Ta wanke ni a hankali, ta fi kullum daɗewa. Da ta gama ta ce sababbin yau ba su kai na jiya ba, kuma ƙanana ne. Ban sake tambayar gwangwanin ba, ita ma ba ta tuna mini ba. Ta ɗauke shi ta soke a rufin bukka.

Sauƙin ya zo kamar na farko, a hankali, sai dai ya fi jinkiri. Sai da aka fara yankan gero sannan na ƙetare rafin da ƙafata, ruwa iya idon sawu, na shiga gari da mayafi a ka. Jikina duk dabbare-dabbare, wani wuri fari wani wuri baƙi ƙirin. Ƙaramar 'yata ta gan ni ta ɓuya bayan matar Yaya.

Na je na durƙusa gaban Yaya na ajiye masa gwangwanin, na ce kayansa ne, jakinsa ne a ciki. Ya ce shi bai san da wani gwangwani ba. Ya ce wanda na sha na ƙarshe shi ya kwashe ragowar cutar, shi ya sa na tashi. Ban musa ba. Har ya koma ga Allah a kan haka yake, kuma bai sake aiken matata ko ɗebo ruwa ba. Shekarar da ta biyo ya raba mana gandu, ya ce tunda na isa yanke wa kaina shawara, na isa riƙe rumbu.

Kofur da ya zo ganin gida shi ya karɓi gwangwanin. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bawana, wa ya rina ka bai gama ba?" Ya yi dariya, sai kuma ya bari. Ya ce ya taɓa ganin soja ɗaya a can da ya yi irin haka, likita ya hana a sake ba shi, amma bai kawo a ransa ba sai yanzu. Ragowar ƙwayoyin ya ba mutane a garinmu, masu ciwon haƙarƙari da masu gudawa, suka warke, babu wanda ko ƙurji ya fito masa. Bayan shekaru, da aka buɗe ɗakin magani kusa da mu, na ba malamin wurin labari. Ya ce akan samu haka jefi-jefi. Wani jikin in magani ya shige shi sai ya ruɗe, ya juya yana yaƙi da fatarsa kamar baƙuwa ce. Ya ce duk inda za a ba ni magani in fara faɗin wannan, kuma ina faɗa.

Abin da daminar nan ta ci mini shi ne amya goma sha huɗu da ƙudansu, da jakin Yaya, da dawar gonar hayi ta shekara guda. Farata bakwai sun zube, biyar suka dawo. Haƙori biyu na ƙasa. Rabin ganin idon hagu. Fatar tafin ƙafata ba ta sake yin kaurin da zan hau itace da ita ba, don haka zuma ma ta tafi. Sai kuma gandun da muke yi da Yaya.